Eriyar da Ta Nuna Gonar Ɗanladi

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024
Na ɗora eriyar rediyona a kan hasumiyar da na yi wa walda da hannuna. Doguwar sanda ce, a tsaye ake kafa ta, amma maƙalin bai yi daidai ba, sai na ɗaure ta a kwance kafin in haɗa wani. Abdulsamad na Madobi, abokin hirata a rediyo, ya ce da ƙyar yake ji na. Na sani.

Talata, 8 ga Oktoba
Ɗanladi, mijin yayata Kubra, ya zo yana huci. Wai tsinin eriyar gonarsa yake nunawa a tsallaken kanal, shi ya sa shinkafarsa take ja. "Ko ɗan mutum ba a nuna shi da yatsa, balle shinkafa mai ciki. Ka sauke ta yau!" Na ce taki ya hana ta, ya bar ƙarfena ya huta. Da roƙo ya yi, da tuni na miƙar da ita, don na gama sabon maƙalin. Amma umarni, a gidana? Ta zauna a haka.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Ya dawo da gatari bayan an sauko daga masallaci. Ya sare wayar da ke riƙe da hasumiyar, ta tsinke ta tsaga min kunci. Ina ganin jini idona ya rufe. Na ɗauki bututun ƙarfe na kai masa a ka, ya tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Kubra ta fito ba mayafi tana ihu, "Maharazu, kashe min shi za ka yi?" Ban saki bututun ba sai da maƙwabta suka danne ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba
An yi masa ɗori. Iya ta ƙi amsa gaisuwata. Shi fa ya fara!

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na miƙar da eriyar, tsini sama. Saboda sigina kawai. Abdulsamad ya ce muryata tas. Na kashe rediyon.

Litinin, 28 ga Oktoba
Shinkafar Ɗanladi ta nuna, tsuntsaye sun far mata, ba mai yanka. Na bi ta wajen da lauje, dama hanyata ce. Yana zaune a bakin kanal, hannu a rataye, ni kuwa na duƙa ina yanka har azahar. Can sai ya turo min gorar ruwansa da ƙafa. Na sha. Saura gefen gabas, gobe da sassafe.