Lambobin Mai Digiri

Litinin, 3 ga Nuwamba, 1975
Musu kuma a teburin shayin Ɗan'auta. Meshak ya dage wai ƙwallon da 'yan Kwoi suka ci Kagoro bara da kai aka ci. Da ƙafar hagu ne, ina bayan raga. Na gyara masa a gaban mutane. Ya ce, “Farfesa, kai ko a Aljanna sai ka gyara wa mala'iku waƙa.” Har ni na yi dariya.

Tun daga firamare haka muke. Kwat ɗinsa guda ɗaya, da ita na tafi jami'a.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Wata tsohuwa, Mama Afiniki, ta tare ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Ta sayar da cittarta, tana so in ƙara mata lamba. Ban gane ba sai da ta yi bayani. Ashe Meshak, da ke karɓar kuɗin cacar ƙwallo ta ful a shagonsa kusa da tasha, yana gaya wa manoma cewa ni, abokinsa mai digirin lissafi, ni ke fitar masa da wasannin Ingila da za su tashi canjaras. Lambobin ma sayar da su yake.

Na ce mata babu lissafin da ya san gobe, ta kai kuɗinta gida.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Na sami Meshak a shago. Bai musa ba. Ya ce ƙanne huɗu ke kansa tun rasuwar babansu, kuma sunana kawai ya ara, bai taɓa aljihuna ba. Wai ni ma ai na ari kwat.

Na ce, “Kwat taka ce, Meshak. Citta ba taka ba ce.”

Na ce gobe bayan sujada a coci zan faɗa wa mutane gaskiya da bakina.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Na faɗa. Ban ambaci sunansa ba, amma wa bai sani ba?

Talata, 18 ga Nuwamba
Ba ya zuwa shayi. An ce shagon ya yi sanyi. Shin da na bi ta wata hanya? Ban iya cin tuwo ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba
Filin wasa, 'yan Zonkwa da namu. Ya zo ya tsaya kusa da ni bai gaishe ni ba. Ya rame. Baƙin mai ne a faratunsa, ashe ya koma gyaran keke wurin kawunsa. Can ya miƙo mini rabin rake, idonsa na kan wasan, ya ce golan nan namu ba a taɓa cinsa da fanareti ba.

Sau biyu aka ci shi, ina wurin duka.

Na ce, “Haka ne.”