Gwaggon mijina ta taɓo robar da ke damtsena

Assalamu alaikum Anti, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, abin da ke cina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a nan Maiduguri. Lokacin da yarona yake wata biyar, ɗinkin tiyatar haihuwarsa bai gama warkewa ba, sai ga wani cikin. Tsoro ya kama ni, na sha magani na zubar, na ce wa maigidana ɓari na yi. Har kuka bawan Allahn nan ya yi. A asibitin da aka yi min wankin ciki na roƙi nas ta saka min robar tsarin iyali a damtse, ban gaya masa ba. Shekara biyu ke nan yana jido magungunan haihuwa, ni kuma ina karɓa ina shanyewa. Wace irin mace ce ni?

To, makon jiya ana shirin bikin ƙanwarsa, gwaggonsa ta ce duk matan gida sai an yi mana dilke. Ita da kanta take murza min jiki, sai yatsanta ya tsaya a kan robar. Ta danna, ta sake dannawa, ta hau salati. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Ashe tsohuwar ba ta ma san ana irin wannan ba. Cewa ta yi, "Jifa ne, 'yar nan! An dasa miki tsinke a jiki, shi ya cinye cikinki." Kafin in ankara ta fita ta sanar da maigidana da sauran dangi.

Yanzu an aika garin Konduga a ɗauko wanzami, zai tsaga ya fitar ranar Asabar a gaban dangi. Ƙannen maigidana mata kuwa kallo ɗaya za su yi su gane. In na lallaɓa asibiti aka cire, ina zan ce tsinken ya tafi? Ga al'adata ta ɗauke tun bara, ko mahaifar na lalata? In an cire ma, zan sake haihuwa kuwa?

Ɗazu maigidana ya riƙe damtsen yana tofa addu'a, idonsa jawur, ya ce, "Duk wanda ya raba mu da cikin nan, ban yafe masa ba har gaban Allah."

Kuma na ce amin. Jama'a, me zan yi?