Mutum Bakwai a Littafin Halliru

Sakkwato, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Malam Halliru, Wurno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki? Ni ce Rabi'atu, wadda kuka yi aikin jini tare a ɗakin shan magani na Wurno shekara talatin da uku da suka wuce. Na san na yi laifi, na daɗe ban leƙo ba. An ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka jin waya, shi ya sa na ba Mode direba wannan takarda.

Baba, ina cikin damuwa. Ka tuna mutum ɗari huɗu da goma sha biyu da ka ɗebi jininsu a Wurno da Rabah da Goronyo, kana rubuta sunan kowa da na iyayensa, ni kuma ina gwadawa a Sakkwato? Da su na rubuta bincikena na farko a kan sikila da yadda garkuwar jikin mutanen bakin gulbi take yaƙar zazzaɓin sauro. Shi ya kai ni kujerar farfesa, a kansa kuma masu bincike da yawa suka ɗora nasu aikin.

Bara na sa ɗalibaina suka zuba sakamakon a kwamfuta don kowa ya amfana. Sai wani masani ya tsinto mutum bakwai masu jinin AA, alhali an rubuta uwayensu SS ne. Ka san mace mai SS ba ta haifar AA. Ya rubuta wa mujallar da ta buga binciken cewa ƙirƙirar sakamakon na yi. Jami'a ta kafa kwamiti, za su zauna ranar talatin ga wata. In sun yarda da shi za a janye binciken, kuma duk wanda ya yi digiri a hannuna sai ya sha tambaya.

Ga lambobin bakwai ɗin a baya. Littattafanka suna nan?

Taka ɗiya,
Rabi'atu Abdulmutalib

*

Wurno, 5 ga Oktoba

Zuwa ga Likita Rabi.

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, sai dai ƙafafu sun yi murabus ba su shawarce ni ba. Na gane rubutunki tun ban buɗe ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da shi. Ba ƙorafi nike ba, sai dai wanda ke zaune shi kaɗai a zaure ba ya da aiki sai tuna irin wannan.

Littattafai suna nan, guda biyar, cikin adakar matata Adama, Allah ya jiƙan ta. Gara ta ci gefen na uku amma ba ta kai ga rubutu ba.

Tun da takardarki ta iso na kasa zama wuri ɗaya. In zauna tabarma, in koma kujera, in fita bakin ƙofa in dawo. Wane ne wanga masani? Ya taɓa shiga kwalekwale da kwalaben jini cikin kwano, an rufe da jiƙaƙƙen buhu? Ni Turawan da sunka koya mana aiki sukan dawo da takarda saboda ɗigon tawada guda. Ban taɓa musanya kwalba ba. Da hannuna nike manna lamba tun allura na jikin mutum.

Na duba bakwai ɗin. Biyu a nan Wurno, uku a Rara ta ƙasar Rabah, ɗaya a cikin garin Rabah. Na bakwai, lamba 206, na Goronyo ne, ki bar shi tukuna. Jibi zan hau kabu-kabu in bi su gida gida. Kada ki aiko mota, in mutane sunka ga motar gwamnati bakinsu rufewa yake.

Allah ya fid da ke kunya.
Halliru

*

Wurno, 12 ga Oktoba

Likita Rabi,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na dawo, bayana kamar an daka shi a turmi. Ki zauna kafin ki karanta, don kuskuren ba naki ba ne, ba na kwalba ba ne. Nawa ne.

A Rara na iske lamba 88, Kausar, wadda na ɗebi jininta tana 'yar shekara tara. Yanzu har da jikoki, tana tsakar gida tana yankan albasa. Wadda na rubuta uwarta, Inna Rumaisa, ta daɗe da rasuwa, amma ƙanwarta na nan, tsohuwa mai baki kamar reza. Na ce mata, "Iya, Kausar ɗiyar wa ce?"

Ta ce, "Ɗiyar Rumaisa mana. Mi ya same ka, Malam?"

Na ce, "Ita ta haife ta?"

Sai ta aje faifai ta dube ni. "Kai, da furfurarka? Haka anka koya maka tambaya makarantar boko? Rumaisa ciki huɗu tay yi, ba wanda yat taka ƙasa. Ciwon ƙashin nan ya hana ta. Da niy yaye ɗiyata ta fari sai nim miƙa mata. Ko sunanta ban taɓa faɗi ba, yau kai za ka sa ni?"

Kausar na ji, ta ci gaba da yanka, hawaye na zuba. Ta ce albasa ce.

Rabi, haka na iske a gida shida. Macen da sikila ta hana ta rayayyen ɗa, dangi ba su barin ɗakinta wayam, sai a ba ta riƙo, galibi ɗan fari, tun da uwa da uba kunyarsa suke ji, ba su kiran sunansa. Ni kuma na shiga gida da littafi na ce "ɗan wa ne?", anka ba ni amsar da ake ba kowa, na rubuta. Ba wanda ya yi ƙarya. Ni ne ban yi tambaya ta biyu ba, don ba a yin ta. In baƙo ne ya yi haka sai a ce bai sani ba. Ni fa?

Ki kai wa kwamitinku wannan. Hankalina dai bai kwanta ba.

Halliru

*

Sakkwato, 15 ga Oktoba

Baba,

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na karanta sau uku. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai gadon jini, ni da aka raine ni a ɗakin gwaggota, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Amma kwamiti ba za su karɓi labari ba. Suna son ko da gida ɗaya ne: wanda ya haifa ya sa hannu a takarda, sannan a ɗebi jininsa da na ɗan a gwada a tabbatar. Akwai wanda zai yarda? Kuma ba ka ce komai a kan 206 ba. An rubuta Sirajo, uba Iliyasu, uwa Halimatussa'adiya. Saura kwana goma sha biyar.

Taka,
Rabi'atu

*

Wurno, 19 ga Oktoba

Rabi,

Sallama da gaisuwa. Na koma gidajen. A huɗu iyayen sun rasu. A ɗaya anka ce mini maigida ba ya nan, ina kuwa ganin takalmansa. Tsohuwar Rara ta ce, "In dangwala yatsa cewa Kausar ba ta Rumaisa ba ce? In na iske ta lahira in ce mata mi?" Ban ga laifinta ba.

Saura 206. Iliyasu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa Halimatu mai sikila ce, ba ta samu rayayye ba. Yaron da ke kan wagga lamba, ni da Adama munka haife shi. Shi ne na fari. Ranar da na ɗebi jininsa a Goronyo yana saurayi, ba wanda na tambaya. Da sanina hannuna ya rubuta Iliyasu da Halimatu, don ya kasa rubuta wani abu. Shida kuskure ne, wannan ban san sunan da zan ba shi ba.

Ba mu magana. Da Adama ta rasu shekara shida da sunka wuce, ya zo ya zauna kusa da ni wurin karɓar gaisuwa. Wani baƙo ya tambaya, na ce, "Ɗan wana ne, ya zo taya mu." Ya tashi ya sa takalmi. Bai sake taka Wurno ba. Ƙannensa biyu sun riga ni gidan gaskiya, shi kaɗai ya rage.

Na rubuta masa. Sau huɗu ina yagewa. Ga kwafi na haɗa miki, don ki san ban yi zaune ba.

Halliru

*

Wurno, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Sirajo, Goronyo.

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aikin shinkafa? An ce bana ruwan dam ya yi muku kyau.

Ka dubi layin farko na wagga takarda. Shekara hamsin da biyar ban faɗi wannan suna ba, ban rubuta shi da nufin kira ba. Yanzu ma sai da na aje alƙalami na zagaya gida.

Akwai wata likita da za a ɓata wa suna a kan abin da na rubuta. Aikinta ya sa yau ana gwada jinin jarirai, ana ba masu ciwon Inna Halimatu magani tun da wuri. Ana son in sa hannu cewa ni na haife ka, a ɗebi jinina da naka. Za ka ce sai da buƙata ta kama na tuna. Gaskiya ne, ba ni da abin karewa. Yadda anka rene mu ke nan, na ɗauka kara nike yi wa Iliyasu da matarsa. Amma ranar rasuwa duk sun riga sun tafi, ba wanda zan yi wa kara. Uwarka ce anka binne, na hana ka zama.

In ba za ka zo ba, ba komai. Ni zan sa hannu ko ni kaɗai ne. Sirajo ɗana ne.

Mahaifinka,
Halliru

*

Wurno, 25 ga Oktoba

Rabi,

Gaisuwa. Shiru har yau daga Goronyo. Mode ya rantse hannu da hannu ya ba shi, a bakin gona, ya karanta a tsaye ya ninke ya sa aljihu. Kullum da hantsi ina tasha ina duban motocin Goronyo, har masu sai da tafarnuwa sun fara ce mini sabon ɗan kamasho. Ga takardata na sa hannu. Na san rabin shaida ce. Ki yi haƙuri da tsohon da ya ɓata miki aiki.

Halliru

*

Goronyo, 26 ga Oktoba

Salamu alaikum.

Na ga takarda. Muna tsakiyar yankan shinkafa, shi as sa amsa ta yi jinkiri.

Inna Halimatu ita ta uwata, ita tag goye ni da ƙashinta mai ciwo. A rubuta wannan a takardar likita, in ba haka ba ba ni ba da jini.

Ina tahe jibi da sahe. Kada ka hau kabu-kabu, ni za ni kai ka Sakkwato. In na yi sallama, kada ka ce wane ne. Ka kira ni, in ji da kunnena.

Sirajo