Kwanonin Hajiya Zainabu

Talata da dare, 14 ga Maris 1995, unguwar Sahafa

Yau na mayar wa maƙwabciyata Hajiya Zainabu kwanoninta. Guda biyar suka taru a kan littattafaina, don a layinmu ba a mayar da kwano wayam, gwauro kuwa me zai zuba a ciki? Kwana huɗu ke nan ba ta aiko min da kisra, gurasar dawar nan tata, ba, na tabbata fushi take.

Sai na hura gawayi na kaɗa miyar kuɓewa, yadda na tuna marigayiya Inna tana yi can yankinmu na Jazira, na kai da kaina.

Ta ɗanɗana a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon sama.

"Ustaz, duk karatun nan naka, ba littafin da ya ambaci gishiri?"

Na ce ai likitoci sun hana.

"To likitocin su sha. Daga yau ka dawo da kwano wayam, na yafe. Juma'a kuma ka zo gindin murhu ka koya, tunda ka ƙi aure."

Shekara arba'in da bakwai, zan koma ɗalibi. Allah Ya bar min Hajiya.