Kun Rubuta Ni Cikin Matattu, Kun Bar Iya da Rai

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in ofishin da ya rubuta mutuwata,
Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Memunatu, haifaffiyar Aboabo. Karatuna na allo ne, bokon da girma na tsince shi, a yi haƙuri da rubutuna. Aikina a unguwa wankan gawar mata, shekara ashirin da ɗoriya. Na faɗi wannan ne don ka san na iya bambance mai rai da mamaci.

A littafinku, ranka ya daɗe, wata bakwai ke nan da rasuwata. Na zo ofishinku sau tara ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, yadda abin ya faru. Surukata, uwar marigayi mijina, wadda muke ce wa Iya, ta rasu bayan ƙaramar Sallah, ranar Alhamis da hantsi. Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata haɓa, kafin la'asar an kai ta. Bayan sadakar bakwai na tuna ana ta faɗa a rediyo cewa a riƙa zuwa ana rubuta wanda ya mutu. Mutanenmu ba su cika zuwa ba, in an rufe shi ke nan. Ni kuwa na ce tunda hukuma ta ce a yi, kuma bai saɓa wa addini ba, bari in je.

Ma'aikacinku ya karɓi katin shaida biyu, nawa da na Iya, ya jera su a kan tebur. Hotunan sun koɗe, duka mata ne cikin mayafi. Ya tambaye ni sunan mamaciyar. Ranka ya daɗe, shekara talatin da ɗaya ina gidan nan, sunan Iya bai taɓa fita daga bakina ba. Haka aka tashe mu: mace ba ta kama sunan uwar mijinta ko a bayan idonta, balle kwana takwas da rufe ta. 'Yata ta biyu sunanta aka sa mata, har gobe Uwani nake ce mata. Sai na sunkuyar da kai, na nuna katin da yatsa. Ya sake tambaya, na sake nunawa. Mutane na bayana suna tsaki. Shi ba ɗan nan ba ne, daga kudu aka turo shi, wataƙila ya zaci kuka ne ya shaƙe ni. Ya ɗauki kati ɗaya ya buga a na'ura, ya miƙo tawada na dangwala. Takardar Turanci ce, idona kuma da ma ya fara hazo. Na ninke na sa a jaka, har da yi masa godiya.

Ba zan ɗora masa laifin duka ba, Allah na ganina. Ta yiwu yatsana ne ya kauce. Amma da ya ɗaga kai ya karanta mini abin da ya rubuta, da na ji sunana na ce a'a.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Yanar ido ta rufe mini na dama, ta fara kama na hagu. Likita ya ce a cire, ya ba ni rana. Na je da sassafe, na miƙa katin inshorar lafiya. Matar da ke wurin ta buga, ta dube ni, ta dubi na'urar, ta kira abokiyar aikinta. Sai na ga ɗayar ta leƙo ta saman teburin tana kallon ƙafafuna, ko suna taɓa ƙasa. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, mai wannan katin ta rasu.

Ba a jima ba aka rufe layin wayata. Uwani ta kira daga Kumasi, aka ce mata lambar nan babu ita, ta hau mota tana kuka har Tamale. Wata tsohuwa daga Nyohini da ta ji rabin labari ta zo ta'aziyya, ta tarar da ni ina shara a tsakar gida. Ta fita da baya-baya tana salati, har yau takalmanta na bakin ƙofa. Azumi mai koko, taubashiyata, kullum na fito sai ta ce, "Mma Memuna, ya mutanen barzahu? In zuba suga, ko can ba kwa sha?" Nakan yi dariya. Amma watan jiya an yi rasuwa a layinmu, wasu cikin dangin suka ce a kira wata, wai gawa ba ta wanke gawa. Wannan ban yi dariya ba.

Wayar Iya kuwa tana nan da ranta. Nakan sa mata caji saboda dangin nesa, in mayar da ita akwati cikin zanenta. Juma'ar da ta wuce ina lazimi bayan la'asar, ni kaɗai a ɗakin, akwatin ya yi ƙara. Maƙwabciyata ta karanta mini saƙon: ana tuna wa Iya ta zo ta sabunta katin lafiyarta.

Na uku, zirga-zirgar ofishinku. Yau a ce babu netwok, gobe a ce oga ya tafi taro. Ranar da na samu shiga aka ce in kawo shaidar cewa ina raye, alhali ina tsaye a gabansu. Na kawo takardar liman da ta Sarkin Zango, aka ce sai an ɗauki yatsa. Na ɗora a kan gilashin na'urar, jar wuta ta kama. Ruwa da sabulu da kafur sun cinye zanen yatsuna. Na gwada duka goma. Ma'aikacin ya ce na'urar ba ta ga kowa ba, sai an tura maganar Accra.

Ba ni kaɗai ba ce a bencin nan. Akwai wani manomi daga Sagnarigu, shi fartanya ce ta shafe nasa yatsun. Akwai matar da katinta ya mayar da ita ƙanwar 'yar cikinta. Muna jere, kowa da takardarsa a cinya, ana jiran kira. Ban ƙi na'ura ba, ranka ya daɗe. Abin da ya ɗaure mini kai, kashe mutum a cikinta bai kai daɗewar alwala ba, amma tayar da shi ya gagari ofis guda wata bakwai.

Roƙona ga shi. A mayar da sunana cikin masu rai tun idon hagu yana gani. Yanzu in na buɗe Alƙur'ani layukan haɗewa suke yi, da hadda nake bi, kuma ba duka na haddace ba. A sa doka duk abin da aka rubuta a karanta wa mai shi da Dagbanci ko Hausa kafin ya dangwala. Kada a kori ma'aikacin nan, yana da masu ci a hannunsa. A dai gaya masa in dattijuwa ta yi shiru a kan suna, ba wauta ba ce. A kuma bar Iya ta huta, a daina kiranta.

An ce mini a zuwana na ƙarshe ba abin da zai motsa sai na yi rantsuwa na ambaci mamaciyar da sunanta. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar mai rantsarwa ina juyowa. Na tambayi malaminmu, ya ce wannan kunya ce ba farilla ba, ido kuma amana ne. To, bari in fara daga nan, ko bakina zai saba kafin ranar.

Iya, ki yafe mini. Sunanta Azaratu. Ita ce ta rasu. Ni na wanke ta, na san wadda jikinta ya yi sanyi a cikinmu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka idanunka. Ranar da naka sunan zai shiga wannan littafi, Allah ya sa bayan tsawon rai ne, ya sa kuma ka cika da kalmar shahada.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Memunatu mai wankan gawa,
Aboabo, Tamale.