A Takarda, Ina Cikin Jirgin

Gwaggo Iyatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana goma sha tara suka rage mini. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa ƙofata a nan unguwar Harlem ta Amurka, mace da namiji. Macen ta kira sunana da na mahaifina, ta tambaya ko ni 'yar'uwar mai sunan ce. Na ce ni ce mai sunan. Ta dubi takardar hannunta, ta dube ni, ta dubi abokin aikinta. A nan na gane maigidana ya rasu. Sun zo faɗin mutuwar mutum biyu ne, sai ɗaya daga cikin matattun ta buɗe musu ƙofa.

Bari in koma baya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fara da sayar da agogo da jakunkuna a Canal Street, daga baya ya koma tuƙa tasi, har ya zama ɗan ƙasa. Tun yana yaro a Damagaram jirgin sama yake so. Shekara shida yana zuwa wani ƙaramin fili a bayan gari duk Lahadi, har aka ba shi lasin tuƙa ƙaramin jirgi, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci. Ba nasa ba ne, na ƙungiyarsu ne, suna karɓa-karɓa. Abokansa a masallacin titi na 116 suna tsokanarsa da Kaftin, shi kuwa sai ya ƙame ya sara musu.

Sau ɗaya, bara, ya sauka a wani fili kusa da iyaka, jami'ai suka kewaye jirgin da motoci. Suka riƙe shi awa uku, suka bincike komai har da kwanon abincin da na ɗaura masa, sannan suka sake shi. Tun daga ranar ya zama mai tsoron takarda. Ya sayi wata baƙar jaka, duk takardunmu suna ciki, nasa da nawa, kuma in zai tashi sai ya ɗaure ta a bayan kujerarsa. Ni ban taɓa riƙe fasfona ba. Haka na taso na gani a gidanmu, takardun gida wurin maigida suke.

Ƙanwarsa ta haihu a Kanada, ya ce da jirgi za mu je suna. Ni takardun zamana ana kan dubawa, amma an ba ni izinin fita da dawowa, mun kuma sami biza. Ya bayyana mini cewa mai ƙaramin jirgi in zai ƙetare iyaka dole ya aika wa hukuma sunayen waɗanda ke ciki da lambar fasfonsu kafin ya tashi. Shi tun ana gobe ya aika, don kada ya makara.

Safiyar Asabar muka je filin. Rana tar, ba ko gajimare. Na shiga na zauna a damansa, ya rufe ƙofa. Gwaggo, abin da zan faɗa yanzu ban faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata. Yana rufe ƙofar na ji warin ruwa. Ba ruwan famfo ba, irin warin bakin tafki, da laka da gansakuka. Sanyi ya kama ƙafafuna ya hau har gwiwa, kamar na tsoma su a randa. Na dubi ƙasa, a bushe take. Sai na ce masa cikina ke murɗa, ba zan iya tafiyar ba. Ya yi dariya ya ce matar Kaftin ta ji tsoro, zai gaya wa kowa a wurin suna. Bai yi fushi ba. Ya ce in ɗaure bel ɗin kujerar da na tashi, kada ya yi ta dukan ƙofa a sama. Na ɗaure shi da hannuna a kan kujerar da ba kowa. Na sauka ta gefen da ke kallon rumfar jirage, na bi ta ƙaramar ƙofar shinge na fita titi, na hau bas. Ban tuna da baƙar jaka ba, shi ma bai tuna ba. Sunana ma bai cire daga abin da ya aika ba.

Jirgin ya faɗa cikin babban tafkin da ke tsakanin ƙasashen biyu. Bayan kwana tara aka sami gawar maigidana, muka binne shi a New Jersey. Jakar ba a same ta ba. Amma an ciro kujerar dama, bel ɗinta a ɗaure. Mai zuba mai a filin ya ce ya ga mace da hijabi ta shiga, bai ga ta fito ba. Kyamarar filin ma shigata ta ɗauka. Masu nutso sun yi kwana huɗu suna nemana a cikin ruwa, ni ina zaune a kan tabarma ana yi mini gaisuwa, kafin saƙon 'yan sandan nan ya isa inda ya kamata.

Labarin ya riga ni zuwa gida. Kafin in iya ɗaukar waya an yi mana sallar gawa daga nesa a unguwarmu, ni da shi. Da na kira mahaifiyata ta ji muryata, sai ta tambaye ni sunan da kakata take kirana da shi. Na faɗa, ta fashe da kuka. Amma har yau in na kira, sai ta fara karanta wani abu ƙasa-ƙasa kafin ta amsa sallamata. Zannuwana da na bari wurinta an riga an bayar sadaka, ta ce ba za ta iya karɓo su ba.

Nan ma haka. Matan da suka zo gaisuwa wasu suna taɓa hannuna su daɗe ba su saki ba. In ƙaramin jirgi ya bi saman kogin Hudson da rana, ina jin ƙararsa daga ɗakin girki, sai ƙafafuna su ɗauki sanyin nan. Wani lokaci ina wanke kwano sai in tsaya ina kallon hannuna.

Na zaci maganar ta wuce. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce wasiƙa ta zo daga masu duba takardun zamana. Zailani, aminin maigidana, ya karanta mini. Sun ce a lissafinsu na fita daga ƙasar ranar Asabar ɗin nan ban dawo ba, kuma akwai rahoton cewa na rasu. Za su rufe maganata, sai in an kawo hujja cikin kwana talatin.

Zailani ya ce in je da ƙafata su gan ni. Abiba kuwa, maƙwabciyata 'yar Kumasi da ke kwana wurina tun da na shiga takaba, ta ce kada in kuskura. Ta ce ba ni da fasfo, ba ni da katin zama, ba ni da mijin da ya tsaya mini. In na shiga ofishinsu wa ya ce zan fito? Ta ga waɗanda suka tafi da ƙafarsu ba su dawo ba. Ta ce Allah ne ya rufa mini asiri, don wadda aka rubuta ta tafi ba mai nemanta, sai in yi zamana, za ta samo mini kitso a shagon ƙanwarta inda ba a tambayar takarda. Ga kuma takaba, saura kwana hamsin da wani abu, kuma tun da aka binne shi ban taka titi ba.

Gaskiyar da ta fi damuna ita ce, wani lokaci ina ganin takardar ce ke da gaskiya. An rubuta sunana, kujerata ce, an yi mini salla. Na ji abin da na ji, na tsere, ban ce masa kada ya tafi ba. Ciwon ciki na ce masa. Da wane ido zan je in ce a gyara, ni ban mutu ba?

Wasiƙar tana kan firij. Ban amsa ba, ban nemi lauya ba, ban nemi sabon fasfo ba, kuma ban gaya wa ƙanwarsa dalilin da ya sa na sauka ba.

Wadda Ta Sauka, Harlem

*

'Yata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, don shi ya ɗaure miki ƙafa, ba wasiƙa ba. Ban san abin da kika ji a cikin jirgin nan ba, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma kin ji tsoro ne, ba a ba ki labari ba. Da ya sauka lafiya, da yanzu warin nan ya zama abin dariya a gidan suna. Da kin gaya masa, kin fi ni sanin amsar da mutumin da ya yi shekara shida yana koyon tuƙi zai ba ki a ranar da ba gajimare. Kwanakinsa ne suka ƙare, naki ba su ƙare ba. Sunayen da ya aika wa hukuma shiri ne na tafiya, mutum ya rubuta da hannunsa, ya manta bai gyara ba. Ba a nan ake rubuta ajali ba.

Abiba ba ta yi ƙarya ba, kuma ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ana tsare mutane, ni ma ba zan rantse miki cewa babu haɗari ba. Amma ki dubi abin da take miƙo miki. Wadda aka rubuta ta mutu ba ta da asibiti cikin kwanciyar hankali, ba ta da aiki da sunanta, ba ta da hanyar zuwa ganin mahaifiyarta ta dawo. Ranar da wani jami'i zai tsayar da ke, ko bayan shekara goma ne, tambayar ba za ta zama ta kuskuren takarda ba, za ta zama me ya sa kika sani kika yi shiru. Yau gaskiya tana gefenki gaba ɗaya. Shiru ne kawai zai iya ɓata ta.

Zailani ma da gyara a maganarsa. Kada ki tashi ke kaɗai ki nufi ofis. Lauyan shige da fice za ki fara gani, cikin makon nan. Limamin masallacinku da ƙungiyar 'yan ƙasarku sun san waɗanda ke taimaka wa mutanenmu. Ki kai masa wasiƙar. Mai yiwuwa a rubuce za a amsa, in kuma sai kin bayyana, da shi za ki je. Ki gaya masa maigidanki ɗan ƙasa ne, don matar da ɗan ƙasa ya rasu ya bari tana da hanyarta, shi zai duba ko ta shafe ki. Ni ba lauya ba ce, iyakata ke nan.

Hujja kuma kina da ita fiye da zaton da kike yi. 'Yan sanda biyu sun gan ki a ƙofarki ranar, sun kuma rubuta. Kin sa hannu a takardun karɓar gawa da na maƙabarta. Wayarki ta san inda kika yini. Masu binciken hatsarin sun daina nemanki saboda an gaya musu kina raye, ki sa lauya ya nemo wannan a rubuce. Ki kira ofishin jakadancin ƙasarku kan sabon fasfo, ki ce wa mahaifiyarki ta aiko takardar haihuwarki. Wannan aiken zai yi mata amfani ita ma. In fasfon ya fito, ki riƙe shi da kanki.

Takaba ba ta hana fita don lalura. Abin da na sani daga malamai shi ne ki fita da rana, ba ado, ki gama abin da ya fitar da ke, ki dawo ki kwana a ɗakinki. Ki tambayi liman don zuciyarki ta natsu, amma ki tambaye shi gobe. Sanyin ƙafa da tsayawa kallon hannu kuwa, ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Waɗanda suka tsira daga irin wannan suna jin haka, kuma ana taimaka musu. Ƙanwarsa za ta iya jira har ki sami ƙarfi, kwana goma sha tara ne ba za su jira ba.

Ki ce wa Abiba ta raka ki wurin lauya. Mai tsoro dominki ita ta fi dacewa ta riƙe miki hannu a hanya. Kina raye, 'yata, kuma ba laifi kika yi ba. Ki je a rubuta haka.

Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki gama takaba lafiya, ya nuna wa mahaifiyarki fuskarki.

Gwaggo Iyatu