Daminar da ban yi shuka ba

Lahadi, 12 ga Mayu 2024
Hafizu ya kira. (A nan dai ina iya rubuta sunanshi, ba mai gani.) Ya samu ɗaki kusa da filin jirgin Yamai, kafin sallar layya zai zo Filinge ya ɗauke ni. Aikinshi loda kayan matafiya ne, amma a zuciyata matuƙi ne, irin na littattafan da nake karantawa.

Na gaya wa Inna, uwarshi, bana ba ni shuka. Gamanata, 'yar gonar da aka yanka mini da aka kawo ni gidan, na bar wa Safi matar wanshi. Inna ta ce, "Ɗiyata, ki shuka ko rabi ne. In Safi ta zuba iri, gona tata ce sai an girbe." Dariya na yi.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da sungumi. Ni ina ɗaki ina ninke zannuwa.

Alhamis, 20 ga Yuni
Salla ta wuce, bai zo ba. Wai tun rikicin juyin mulkin bara jirage sun ragu, wani yinin sai su zauna a inuwa har la'asar ba abin ɗagawa.

Baba Manzo, surukina, shekara talatin ya yi yana shara a filin nan, shi ya sama wa Hafizu aikin. Yau ya ba ni labarin zamanin da: lokacin tahiyar alhazai, 'yan rakiya daga nan yankinmu na Kurfai sukan kwana uku a bakin shinge, har da tukwanensu. Mutane kan sa kayan salla su je kallon tashin jirgi kawai. Ya ce, "Wuri wanga bai taɓa yin shiru ba."

Laraba, 3 ga Yuli
An rage ma'aikata. Har da Hafizu.

Litinin, 15 ga Yuli
Ya sauka a tasha da katifa da rigar aikinshi mai ƙyalli. Ya rame. Hatsi ya kai gwiwa ko'ina, lokacin shuka ya wuce. Da ya ci tuwo ya ce, "Basiratu, mi kika shuka bana?" Na kasa ɗaga kai. Ashe ban taɓa gaya mishi ba. Ina ta jiran ranar da zan faɗa mishi cikin mota, mu yi dariya.

Asabar, 24 ga Agusta
Duk gonakinmu babu wadda ta kai gamanata kyau. Takin da na kai da rani ne, a kaina, kwando kwando.

Safi a bakin rijiya: "Madam Yamai, har yanzu jirgin bai taso ba?" Mata suka kwashe. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Hafizu ya so ya roƙi rabin amfanin, Inna ta hana. Gaskiyarta.

Kullum yana kiran abokan aikinshi. Wani ya ce kamfanoni za su komo, wani ya ce an gama. Littafin da na fara tun Yuni yana nan, na kasa ƙarasawa. Yarinyar ciki sai hawa jirgi take kamar mai shiga kasuwa.

Asabar, 5 ga Oktoba
Safi ta girbe. Ta aiko mini dami biyu, na karɓa, kunya kamar ta kashe ni.

An kira Hafizu, wai wataƙila bayan sabuwar shekara a neme su. Fuskarshi ta washe. Ya ce, "In an kira, kin shirya?" Na ce Allah shi kai mu.

Da ya fita na kwance damin, na zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, na ɗaure su daban, na rataye cikin rumbu inda ake ajiye iri. Ban gaya mishi ba. Don kada ɓera ya ci ne kawai.